Sifa da Aikatau a Nahawun Turanci: Me Ya Sa Sunayensu Ke Rikita Ɗalibai?

Kusan duk wanda ya zauna ajin firamare a Najeriya ya rera jimloli biyun nan da ƙarfi tare da sauran yara: "A verb is a doing word" da "An adjective is a word that describes a noun". Wato aikatau kalmar aiki ce, sifa kuma kalmar da ke siffanta suna. A aji uku ko huɗu wannan bayani ya wadatar. Damuwar ita ce mutane da yawa da shi suke shiga sakandare, da shi suke zana WAEC da NECO, wasu ma da shi suke komawa aji su koyar. A kan wannan siririn tushe sai a yi ta jibga musu sababbin sunaye: transitive, finite, participle, gerund, attributive, predicative. Ɗalibi ya haddace su tsaf, ranar jarrabawa a ba shi jimlar da bai taɓa gani ba, ya rasa wanne zai ɗauka.

A ganina laifin ba na ƙwaƙwalwar yaran ba ne. Sunayen nan ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Wani yana magana ne a kan sigar kalma, wani a kan wurin da ta zauna cikin jimla, wani kuma a kan aikin da take yi a wurin. Shi ya sa kalma guda za ta iya ɗaukar sunaye uku a lokaci ɗaya, kuma duka daidai ne. Wanda aka koya wa gane kalma ta ma'anarta kaɗai ba zai ga wannan ba, domin ma'ana takan yaudari mutum. Wane aiki ake yi a "She resembles her mother" ko "He owns a house"? Babu, amma resembles da owns aikatau ne cikakku. Kalmomin arrival da destruction kuwa cike suke da aiki, amma sunaye ne. Haka a "a stone wall" da "a school bag", stone da school suna siffanta abin da ya biyo bayansu, duk da haka ba su zama sifofi ba.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a gwada halin kalmar. Aikatau na Turanci lokaci ne ke tona shi. Ka mayar da jimla zuwa jiya, ka duba wace kalma ce ta motsa: resembles za ta koma resembled, owns ta koma owned, arrival kuwa ko gezau. Sifa kuma ana gwada ta ta fuska uku: ko tana zama kafin suna, ko tana zama bayan seem da become, ko tana karɓar very da -er ko more. Kalmar tall ta tsallake duka: "a tall man", "he seems tall", "very tall", "taller". Stone ta tsallake na farko kawai, ba a cewa "very stone". Akwai sifofi na gaske da ba sa tsallake duka ukun, kuma daga wannan bambanci ne yawancin sunayen da ke ba ɗalibai ciwon kai suka fito.

Amma kafin nan, ya kamata a san inda sunayen suka samo asali, don hakan na rage wa mutum zargin kansa. Rabon kalmomi gida 8 ya taso ne daga Girkawa, daga wani ɗan littafin nahawu da ake dangantawa da Dionysius Thrax, malamin Iskandariyya, wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikin gidajen nan 8 babu sifa, an cusa ta ne ƙarƙashin suna, participle kuwa gidanta daban. Rumawa suka ɗauki tsarin suka ɗora wa Latin, irin su Donatus a ƙarni na 4 da Priscian wajen shekara ta 500. A Ingila an yi ɗaruruwan shekaru idan aka ce nahawu to na Latin ake nufi. Da William Bullokar ya fitar da nahawun Turanci na farko a 1586, a kan tsarin littafin koyon Latin na William Lily ya gina shi, kuma har zamanin Lindley Murray, wanda littafinsa na 1795 ya mamaye makarantu, inuwar Latin ba ta gushe ba. Abin ya zama kamar rigar da aka ɗinka wa wani aka ba wani ya sa: ta rufe jiki, amma wani wurin ta matse, wani wurin ta yi burum.

Bahaushe yana da jarin da ba ya amfani da shi a ajin Turanci. Wanda ya karanta Ajuruma a zaure, littafin Ibn Ajurrum mutumin Fas da ya rasu a 1323, ya san magana gida uku ce, ismu da fi'ili da harafi, rabon da ke komawa ga Sibawaihi na Basra a ƙarni na 8. Ya san fi'ili lazimi da muta'addi, ya san ismul fa'ili da ismul maf'uli da masdari. Wanda ya yi Hausa a sakandare ya san aikau da karɓau, ya san aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau. Rabin abin da ake kira da dogayen sunayen Latin ya riga ya san shi da wani suna. Abin takaici ne a ce malamin Turanci da na Larabci da na Hausa suna makaranta ɗaya, suna koyar da abu ɗaya, amma yaro ya fita bai taɓa jin an haɗa masa su ba.

Mu fara da sifa. Attributive da predicative maganar wurin zama ce kawai. Idan sifa ta manne wa suna kai tsaye, kamar "a white horse", farin doki, attributive ce. Idan aikatau ya shiga tsakani, kamar "the horse is white", dokin fari ne, ta zama predicative. Kalma ɗaya ce, mazauni ne ya canja. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka fara da Faransanci su kula a nan: abin da Faransanci ke kira attribut shi ne predicative na Turanci, abin da Turanci ke kira attributive kuwa épithète ne a can. Sunayen sun yi kama, ma'anar ta juye.

Yawancin sifofi suna zama a duka wuraren biyu, amma akwai masu taurin kai. Main da former da mere da utter ba sa rabuwa da suna: "the main road" daidai ne, "the road is main" kuskure. Asleep da alive da afraid da awake da alone kuma ba sa yarda su zo kafin suna. Ana cewa "the child is asleep", ba a cewa "an asleep child", sai dai "a sleeping child". Akwai dalili a tarihi, domin asleep da alive asalinsu "on sleep" da "on life" ne, wato cikin barci, cikin rai, kuma har yau suna riƙe da halin asalin nasu.

Inda wannan rabo ya fi amfani shi ne wurin da mazauni ke canja ma'ana. Ka ɗauki katin gayyatar ɗaurin aure ka duba layin farko: "The family of the late Alhaji Wane". Late a nan marigayi ce. Amma idan sakataren taro ya tashi ya ce "The chairman is late", shugaba ya makara ne kawai, yana hanya. Wanda ya rubuta "the late chairman" a rahoton taro yana nufin shugaban da ya makara, to ya sanar da rasuwarsa a rubuce. Haka "the present members" 'yan ƙungiya na yanzu ne, "the members present" kuwa waɗanda suka halarta. Wannan na biyun shi ake kira postpositive, sifar da ta biyo bayan suna ba tare da aikatau ba, kamar yadda mu ma muke cewa doki fari. Ita ce a "something new" da "governor-elect" da "Attorney General". Na ƙarshen ya shigo ne ta Faransancin kotu da fada da ya mamaye Ingila bayan 1066, kuma tun da attorney ce suna, ita ke ɗaukar jam'i: "Attorneys General".

Positive da comparative da superlative matakan kwatanci ne: tall, taller, tallest, ko beautiful, more beautiful, most beautiful. Ɗalibai sun san jerin, duk da haka sai ka ji "He is tall than me" ko "He has money than me". Ba rashin hadda ba ne, Hausa ce ke aiki a ƙarƙashi. Mu da aikatau muke kwatanci: Audu ya fi Bala tsawo. Kalmar tsawo ba ta canja ba, fi ce ta ɗauki nauyin, don haka yaro yakan ɗauka than ita ce fi, ya bar sifar yadda take. A Turanci kuwa sifar ce ke ɗauke da nauyin, than rakiya kawai ta yi. Irin wannan ne "He seniors me", wanda fassarar "ya girme ni" ce tsaf. Senior sifa ce, kuma da ita da junior da superior da inferior tun a Latin sigar kwatanci gare su, kuma to suke ɗauka, ba than ba: "He is senior to me". Better da worse ma sun riga sun zama comparative, "more better" ninki ne a kan ninki. Sai gradable da non-gradable, wato sifar da ke da hawa-hawa da wadda ba ta da shi. Ruwa yana iya zama "very hot", amma kujera ba ta zama "very wooden".

Akwai wani rikici da littattafai ne suka jawo shi. Tsofaffin littattafai suna kiran my da this da some da possessive adjective, demonstrative adjective da sauransu, sababbi kuma suna kiransu determiners. Ni ina tare da sababbin, domin kalmomin ba sa tsallake gwajin sifa: babu "very my", babu "the book seems this". Amma ɗalibi ya san duka sunayen biyu, don zai haɗu da kowanne a takardar jarrabawa. Wuri ɗaya da Turanci ya sauƙaƙa mana shi ne jinsi da adadi. Mu sai mun ce farin doki, farar mota, fararen motoci, shi kuwa white ce a ko'ina.

Aikatau ya fi sifa yawan sunaye, amma jikinsa bai da yawan sigogi. Iyakarsu 5: write, writes, wrote, written, writing. Be kaɗai ke da 8: be, am, is, are, was, were, being, been. Regular verb shi ne wanda siga ta uku da ta huɗu suka zama ɗaya da -ed, kamar walked. Irregular kuma, waɗanda suka kai wajen 200, kowanne da hanyarsa, kuma babu dabara sai hadda. Duk sauran sunayen bayani ne a kan yadda ake sarrafa sigogin nan 5.

Finite verb shi ne aikataun da lokaci da aikau suka ɗaure, wanda ke motsi idan ka canja su. Non-finite shi ne wanda ba ya motsi. A "She wants to travel", ka mayar da ita jiya: "She wanted to travel". Wants ta canja, to travel na nan daram. Ta farkon finite, ta biyun non-finite, kuma wannan irin mai to a gaba shi ake kira infinitive. Amfanin sanin haka a aikace yake: jimla ba ta cika sai da finite verb, kuma a jerin aikatau na farko ne kaɗai ke ɗaukar lokaci. Shi ya sa "Did you went?" kuskure ne. Did ta riga ta ɗauki jiya, ba a sake ɗora wa go. A nan Hausa tana taimakawa ƙwarai, domin mu ma haka muke yi: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Ƙaramar kalmar farko ce ke ɗauke da lokaci, tafi ba ta motsa ba. Did da will da can haka suke aiki, kuma su ne auxiliary verbs, mataimaka. Uku daga ciki, be da have da do, su ne primary, kuma suna iya tsayawa da kansu. Modal kuwa 9 ne: can, could, may, might, shall, should, will, would, must. Ana gane mataimaki da abu biyu, not na manne masa kai tsaye, kuma shi ke tsallakowa gaba idan za a yi tambaya: "She can swim", "Can she swim?"

Maganar tenses 12 da ake zana wa ɗalibai a allo tana bukatar gyara kaɗan. Idan sigar kalma ake dubawa, lokuta biyu Turanci ke da su, present da past. Latin yana da sigar lokaci mai zuwa a jikin aikatau, Turanci ba shi da ita, sai ya aro will ko going to, wani lokacin ma present ɗin kanta, kamar "The train leaves tomorrow". Ragowar jadawalin aspect ne, wato yanayin gudanar aikin: progressive idan yana cikin gudana, perfect idan ya riga ya auku kuma tasirinsa ya iso lokacin da ake magana a kai. Wanda ya raba tense da aspect a kansa ba sai ya haddace akwatuna 12 ba, zai iya gina su da kansa.

Daga nan ne stative da dynamic suka shigo. Dynamic aikatau ne na abin da ke faruwa, run, cook, build. Stative na hali ne ko mallaka ko abin da ke zuci, know, own, understand, belong, kuma galibi ba sa shiga progressive. "I am having two children" da "I am understanding you" daga "ina da 'ya'ya biyu" da "ina fahimtarka" suka fito, domin ina ɗinmu ta yi kama da "I am". Daidai shi ne "I have" da "I understand". Have takan koma dynamic idan ma'anarta ci ce ko sha, shi ya sa "I am having lunch" ba ta da laifi. Wannan ma shaida ce cewa sunan yana bin amfanin kalma a jimlar da ke gabanka.

Transitive shi ne so-karɓau, muta'addi, aikin da ke tsallakawa kan wani abu. Intransitive shi ne ƙi-karɓau, lazimi. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne aikatau da yawa na Turanci suna yin duka biyun ba tare da sun canja siga ba. Mu muna cewa ya fasa tulu, tulu ya fashe, sigar da kanta ta nuna bambanci. Turanci broke ce a duka: "He broke the pot", "The pot broke". Don haka tambayar ko break transitive ce ba ta da amsa sai an ga jimla. Rashin kula da wannan rabo shi ke haifar da "discuss about the matter" da "request for a loan" da "emphasize on it" a wasiƙun ofis, alhali aikataun nan uku kai tsaye suke ɗaukar karɓau ba tare da tsani ba. Shi ne kuma bambancin rise da raise, da lie da lay. Ditransitive mai karɓau biyu ne, "She gave me a book". Lend tana cikinsu, borrow ba ta ciki, to amma da yake mu saiwa ɗaya muke amfani da ita, na ari littafi, ara mini littafi, sai "borrow me your pen" ta zama ruwan dare a azuzuwanmu. Passive voice ma a nan ta rataya: sai aikatau mai karɓau ake iya juyawa, kamar yadda muke cewa an kama ɓarawo, ko mabniyyi lil majhuli a Larabci. Happen da die ba su da karɓau, don haka babu "it was happened", babu "he was died".

Akwai rukuni na uku, linking verbs, wasu littattafan su ce copular: be, seem, become, look, feel, taste, smell. Ɗalibin Larabci zai tuna da kana da 'yan'uwanta. Abin da ke biyo bayansu ba karɓau ba ne, bayani ne a kan aikau ɗin kansa, sunansa complement, kuma sau da yawa sifa ce. "She looked angry", ita ce ke cikin fushi. "She looked angrily at him", kallon ne aka yi cikin fushi, look ta koma aikatau na aiki, sai ta ɗauki bayanau. Hausa ba ta da irin wannan rukuni sosai. A "Audu dogo ne", ne ba aikatau ba ce, kuma abubuwa da yawa da Turanci ke faɗa da sifa mu da aikatau muke faɗarsu: na gaji, ya tsufa, ta warke.

Yanzu mun iso inda sifa da aikatau suka cakuɗe, inda a ganina ya kamata malami ya fi daɗewa. Yarinya ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malam, running ɗin nan verb ce ko adjective ko noun?" Amsar gaskiya ita ce, "'Yata, karanto mini jimlar tukuna." A "He is running" ɓangaren aikatau ce, present participle. A "running water" participle ce mai aikin sifa. A "Running is good for the heart" ta zauna mazaunin suna, sai a kira ta gerund, abin da ya yi kusa da masdari ko sunan aiki irin gudu da karatu da dafawa. A Latin gerund da participle sigoginsu daban ne, a tsohon Turanci ma haka, ɗaya na ƙarewa da -ende, ɗaya da -ing ko -ung. Daga baya suka narke suka zama -ing guda, sunaye biyun kuwa suka ci gaba da zama. Har ta kai Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban nahawunsu na Cambridge na 2002, sun haɗe su da suna ɗaya, gerund-participle. Masu jarrabawa dai har yanzu suna tambayar bambancin, kuma Hausa na warware shi cikin sauƙi. "A sleeping child" yaro mai barci ne, shi ke barcin, participle ke nan. "A sleeping mat" tabarmar barci ce, ba ita ke barcin ba, don barci aka yi ta, gerund ke nan. Duk inda fassara ta ba ka mai, participle ce. Inda ta ba ka -n ko -r na dangantaka, kamar ruwan sha a "drinking water" ko sandar tafiya a "walking stick", gerund ce.

Sunan present participle da past participle ma yana ɓatarwa, domin ba sa ɗauke da lokaci, non-finite ne. "He was writing" jiya ce, "It will be written" gobe ce. Ainihin bambancinsu shi ne na ismul fa'ili da ismul maf'uli, mai yi da wanda aka yi wa. Mu ma muna da na biyun: dafaffe, soyayye, karyayye, wankakke, wato cooked, fried, broken, washed. Wanda ya riƙe wannan ba zai ƙara cewa "I am boring" yana nufin zaman ya gundure shi ba, domin abin da ya faɗa shi ne shi ne mai gundurar mutane. Boring da interesting da confusing na abin da ya jawo halin ne, bored da interested da confused na wanda halin ya sama. Waɗannan sun riga sun zama sifofi cikakku, ana kiransu participial adjectives, kuma very ce shaida: "very interesting" daidai, "very sleeping" babu ita.

Wani lokacin ma jimlar Turanci ita kanta ba ta yanke hukunci. "The door was closed" tana iya nufin an rufe ƙofar, wato passive, tana iya nufin ƙofar a rufe take, wato closed sifa ce. Hausa ta raba su sarai, Turanci sai an ƙara wani abu: "by the guard" ta mayar da ita aiki, "all day" ta mayar da ita hali. Gerund kuma ita ke bayan kuskuren da ke rufe dubban takardun neman aiki, "I look forward to hear from you". To ɗin nan ba ta infinitive ba ce, preposition ce, wato ƙaramar kalma irin about da for da on, kuma abin da ke bin preposition suna ne ko mai aikin suna. Gwada sa suna a wurin: "I look forward to your reply" ta zauna daidai, don haka hearing ake bukata. Haka "He stopped smoking" ya daina shan taba ne, "He stopped to smoke" kuwa tsayawa ya yi don ya sha.

Duk wannan yana haɗuwa a tambayar da ɗaliban WAEC suka saba gani a sashen fahimta, inda ake ciro wani yanki a tambayi grammatical name ɗinsa, sannan a tambayi function ɗinsa. Ta farko siga take nema, ta biyu aiki. A "The man who sold us the generator has travelled", yankin "who sold us the generator" yana da aikau da finite verb, don haka clause ne, kuma tun da man yake fayyacewa, adjectival clause ne, wasu su ce relative clause. Wajen function kada a tsaya a cewa yana siffanta suna, a ambaci sunan: yana siffanta man. A "Selling grains in the rainy season requires patience", ka cire yankin farko ka sa it a gurbinsa. "It requires patience" ta tsaya da ƙafarta, ashe yankin aikin suna yake yi, selling gerund ce, function ɗinsa kuma aikau na requires. Amma a "Selling grains at the gate, Binta saw the thief", it ba ta shiga gurbin. Tambayi wa ke sayarwar, amsa Binta, to participial phrase ne mai bayani a kan Binta. Idan ɗalibi ya rubuta "Selling grains at the gate, the thief ran past", ya mayar da ɓarawon mai sayar da hatsi, kuskuren da ake kira dangling participle, kuma gyaransa shi ne a dawo da mai sayarwar cikin jimla: "While Binta was selling grains at the gate, the thief ran past."